Amsa ga Hajiyar da ta bugo waya kan taifot ɗin ɗanta

Assalamu alaikum Hajiya,

Ranar da muke shirin lafiya a rediyo kin bugo kin ce yaronki ɗan shekara shida bai taɓa shan maganin kemis barkatai ba, to ya aka yi taifot ta kama shi har magani biyu suka kasa cinta? Lokaci ya ƙure ban amsa miki sosai ba, abin kuma ya tsaya min a rai.

Hajiya ba jikin yaron ne ya saba da magani ba, ƙwayar cutar ce, kuma da taurin kanta ta shigo cikinsa. Wani ne can ya sha Septrin ko Ampiclox kwana biyu ya ji sauƙi ya ajiye, ƙwayoyin da suka tsira suka fita ta bayan gida, ragowar maganin ma ya bi fitsari, duk suka haɗu a masai da kwata, a can kuma wata ƙwayar tana iya miƙa wa wata abin da ke sa ta jure magani ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Damina ta zo masai ya tsiyaya cikin rijiya, ko bututun famfo ya fashe a kwata, shikenan ta dawo cikin randa.

Haka aka yi a Hyderabad ta Pakistan ƙarshen 2016. Taifot ta ɓulla wadda ba ta jin magani kala biyar har da allurar ceftriaxone, cikin magungunan sha azithromycin kaɗai ya rage, yara ne kuma suka fi kwanciya. Da aka bi sawu sai aka ga gidajen masu cutar sun taru a inda ruwan najasa ke shiga ruwan sha. A 2018 aka fara yi wa yaran Hyderabad rigakafin taifot gadan-gadan, a 2019 kuma Pakistan ta saka shi cikin rigakafin yara na yau da kullum.

Wallahi duk sanda na ga ana ban-ruwan latas da kabeji da ruwan Jakara, rafin nan na Kano da kwatocin gari ke zuba a ciki, sai Hyderabad ta faɗo min.

Don Allah ki koma asibiti ki ce a yi masa kalcha na jini, wato gwajin da ake rainon ƙwayar cutar a lab, kar a tsaya a Widal, gwajin taifot ɗin da aka saba yi, kalcha ne zai nuna maganin da zai ci ƙwayar. Abin da aka rubuta ya shanye tas ko ya warware. Ruwan shansu a tafasa, ko na 'yan garuwa ne, ki kuma sa maigida ya duba tazarar masai da rijiyarku kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba shi lafiya.

Ɗanki, ma'aikacin lab