Wasiƙa daga Maƙera: Ruwan Batir Ya Ci Min Wuƙa da Wando

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Legas da ruwan samanta? Na san ka yi fushi, wata uku ban amsa saƙonka ba, kai kuma girman kai ya hana ka sake bugowa. To ga ni, ka sassauta. Ka tambaye ni wuƙar layyar da na yi maka alkawari, amma bari ka fara jin abin da ya same ni.

Ka tuna wuƙar nan mai zane kamar igiyar ruwa da muka gani a wayarka, har ka ce ko na shekara ina zuga ba zan iya ba? Na yi ta. Sifirin mota na haɗa da tsohon zarton injin katako, na ninka na sake ninkawa har kafaɗata ta sage. Da na goge ta da samfefa sai ta fito fara fat, ba zane ba alamarsa. Ashe zanen yana ciki a ɓoye, sai asid ya tono shi: yana cin sifirin ya baƙanta shi, shi kuwa ƙarfen zarton akwai nikel a jikinsa, wani ƙarfe da asid ba ya saurin ci, sai ya tsaya da haskensa.

Ni da gaggawa, sai na aika yaro wurin mai cajin batir. Kada ka yi dariya. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, salfiyurik, ba ya wasa. Na tsoma ta na tafi sallar la'asar, na tsaya gaisawa, kafin in dawo ta yi toka-toka, duk jikinta ƙananan ramuka kamar mai zanzana. Aikin kwana tara! Wandona ma sai da aka wanke shi ramukan suka bayyana. Baba yana kan buzunsa bai ce uffan ba, sai can ya ce, "Mu da tsamiya muka san ƙarfe."

Kuma wallahi tsoho ya fi ni gaskiya a rabin maganar. Na jiƙa tsamiya mai kauri a ruwan ɗumi, na kwantar da wata wuƙar mahauta a ciki, da safe ta yi launin toka mai duhu, sumul. Lemun tsami ma yana yi, haka ruwan kal na shago, wanda tsaminsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, in ka ɗumama shi ya fi sauri. Waɗannan duk rini suke yi, ba sa haƙa da zurfi, kuma ga wuƙar da za ta taɓa nama da albasa ni yanzu ba na son komai sai su. Duhun nan yana rage jan tsatsa, amma fa sai ana shafa mai. Wuƙaƙen kanti masu ƙyalli kuwa kada ka ɓata tsamiyarka, kuromiyam ɗin jikinsu, ƙarfen da ke hana su tsatsa, ba ya bari su kama.

Af, ka ji ɗan autan su Yaya ya buɗe shagon waya a Wunti? Wanda ko lissafin canji ba ya iyawa. Yanzu har gemu ya ajiye, ana ce masa Alhaji alhali ko Yankari bai taɓa zuwa ba.

Ta dalilinsa ma na samu ainihin maganin. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya ba ni ferik kulorayid, ruwan nan ja-ja kamar shayin da ya daɗe, da suke cinye tagullar allon rediyo da shi. Kashi 1 nasa, 3 ko 4 na ruwa, kuma shi ake zubawa cikin ruwan. Minti 5 zuwa 10 ka ciro, ka goge baƙin, ka mayar, sau uku ko huɗu. Dogo, da zanen ya fito sai da na kira Baba! Matsala biyu kawai. Wanda ya ba ni ya riga ya yi aiki da shi, tagullar da ta narke ciki ta hau wuƙar ta yi mata ja-ja. Ta biyu, a tukunyar alminiyam ta uwargida na fara haɗawa, ta yi zafi tana kumfa, gindinta ya lalace. Har yau tuwona da ƙyar yake zuwa. Yanzu bututun roba na toshe gindinsa nake amfani da shi, a waje inda iska take.

Kafin tsomawa sai an wanke maiƙo tas, ko yatsa ya taɓa sai shatinsa ya fito. Bayan an ciro kuma ruwan kanwa nake zuba mata ya kashe asid ɗin, in ba haka ba kafin gari ya waye ta yi tsatsa. Kanwar kunun nan dai da muka sani. Sunan mai wuƙa ma ina iya fitarwa yanzu da jan farce, inda ya rufe asid ba ya taɓawa. Kunyar sayensa a Muda Lawal kawai na sha.

Saboda haka don Allah in ka shiga Alaba ka duba min sabon ferik wurin masu kayan lantarki, wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Ka ɗaure shi da kyau a roba, ka faɗa wa direban abin da ke ciki, kada a ɗora shi kan kayan abincin mutane.

Ka gaida amarya, ka ce mata har yanzu muna jiran ta koya maka tashi da asuba. Baba yana gaishe ka, ya ce bashin goronsa yana nan.

Naka,
Ɗan maƙera, Bauchi