Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Ajujuwan Mata Masu Neman Na Kansu

Assalamu alaikum. Kwamitin gudanarwa na gabatar wa mambobi masu girma rahoton bana kan karatun mata masu sana'a, wanda shi ne ya cinye mafi yawan lokacinmu da kuɗin asusu.

Babban abin da aka yi shi ne sauya lokacin darasi. A baya da safe ake zama, alhali matan da muke nema suna kasuwar Dawanau ta Kano wajen gyaran riɗi da zoɓo, ko suna aikatau a gidajen masu hali, ko suna bakin kaskon awara. Macen da sai ta fita za a ɗora tukunya a gidanta ba za ta bar kuɗin yini don koyon baƙaƙe ba, kuma ba laifinta ba ne. Da aka mayar da darasi bayan Magariba, a ajin Islamiyya da muka ara, sai benci ya yi kaɗan, har aka shimfiɗa tabarmi.

Ajin ya tara kaka da uwa da jika, kowace da bukatarta. Dattijan cikinmu sun taso da labarin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, amma ba su ga ƙofar ajinsa ba. Hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta buɗe wa matan aure hanya, sai dai wadda ke wuni a wurin aiki ba ta ci moriyarta sosai ba. Uwayen yanzu so suke su karanta saƙon shigar kuɗi a waya da kansu, su riƙe littafin adashi ba tare da kiran yaron maƙwabta ba, kuma a nan aka fi samun nasara.

Inda muka gaza shi ne wajen matasan da talla ko aure ya katse wa sakandare. Su takardar NECO, wato ta jarrabawar kammala sakandare, suke bukata, kuma kuɗin rajista ya fi ƙarfinsu. Kwamiti na ganin rabon atamfa da muka saba yi a bikin yaye ɗalibai bai kai wannan muhimmanci ba, don haka yake neman amincewar mambobi a taro mai zuwa a karkatar da kuɗin zuwa rajistar jarrabawa da alawus ɗin malamai mata.