A daina sayar mana da kayan gwanjo “ba gwaji”

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan sana'ar da na tashi a cikinta, wadda nake ganin mu da kanmu muke neman ɓata ta.

Ni mai gyaran kayan wuta ne. Firji, firiza, talabijin, injin wanki, dutsen guga, babu wanda bai ratsa ta hannuna ba tun ina yaron shago a Sabon Gari har Allah ya sa na buɗe nawa. Mafi yawan abin da ake kawo min gwanjo ne, wanda muke cewa ɗan Beljiyam, mutanen kudu su ce tokumbo, samarin Farm Centre da Beirut Road kuma su ce Landan-yus idan waya ce ko kwamfuta. Saboda haka kada wani ya ɗauka zagin kasuwar na zo yi. A cikinta na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Na sha gaya wa masu kawo min aiki cewa tsohuwar firiza 'yar Jamus mai lafiya ta fi wasu sababbin da ake ciro wa daga kwali ƙarko, ko da fentinta ya koɗe. Uba nawa ne a garin nan zai iya yi wa 'yarsa kayan ɗaki da sabon firji da sabon talabijin? In ba don gwanjo ba, da amare da yawa sun tare babu ko fanka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a makon jiya. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata yara ta zo da firiza a bayan a-kori-kura. Adashi ta ɗauka, ta cika da kuɗin ɗan kunnenta da ta sayar, don ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya idan zafi ya shigo. An sayar mata bisa sharaɗin “ba gwaji”, wato ka biya ka ɗauka, in ta tashi ka yi sa'a, in ba ta tashi ba babu mayarwa. Ina juya firizar na ga wayar wutarta a guntule. Mu masu gyara mun san abin da wannan ke nufi: kayan da aka riga aka kai bola a can ne ake yanke wa waya. Na gwada kwamfiresa, a ƙone take, bututun gas ɗin kuma ya yi tsatsa ta ciki. Da na gaya mata kuɗin gyara, wanda ya kusa kuɗin da ta saye ta, sai ta zauna a kan benci ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, “Malam, to yanzu yaya zan yi?” Wallahi ban sami abin ce mata ba.

Ina so masu karatu su san hanyar da firizar nan ta biyo kafin ta iso hannunta, domin a hanyar ne cutar take. A Turai akwai masu bi gida-gida da ofis-ofis da wuraren gwanjo suna tara kayan da aka canza, kuma da yawansu 'yan ƙasarmu ne mazauna can. Su tara a sito har ya isa cika kwantena mai ƙafa 40, ko kuma su cusa kayan a cikin motocin gwanjo, bas-bas da ƙananan motocin ɗaukar kaya, su rufe ƙofa, a loda a jirgin ruwa daga Hamburg ko Antwerp, tashar nan ta ƙasar Beljiyam da sunanta ya bi kayan har Kano. Kuɗin dakon kwantena ɗaya ne, ko ta cika ko ba ta cika ba. Idan kaya masu kyau sun ƙare alhali da sauran fili, da me za a cike? Da matattu. Su kuwa matattun kusan kyauta ake samun su, saboda a can wargaza su bisa ƙa'ida kuɗi yake ci, duk wanda zai raba ka da su ya taimake ka.

Jirgi ya sauke a tashar Apapa ko Tin Can a Legas, kaya su wuce kasuwar kayan wuta ta Alaba, daga nan tirela ta ɗauko su zuwa nan. Babban dila ya sayar wa 'yan sari, 'yan sari su sayar wa masu rumfa, wasu kuma su ƙara gaba da su zuwa Maraɗi da Damagaram, har Chadi. Kowane hannu ya san akwai matattu a ciki, kowa kuma dabararsa ita ce ya tura asarar ga na ƙasa da shi. Haka take gangarowa har ta tsaya a kan wadda ba ta da wanda za ta tura wa.

Ba zato nake yi ba. A 2015 da 2016 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan safarar shara mai cutarwa) da ke Ibadan sun sa mutum ya zauna a tashoshin Legas yana duba abin da ke shigowa. Sun ƙiyasta cewa kusan tan 60,000 na kayan wuta na hannu ke shigowa a shekara, mafi yawansu daga tashoshin Tarayyar Turai, kuma galibi a cikin motocin gwanjo aka cusa su. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki. Ni da na karanta ban yi mamaki ba, domin na taɓa gani da idona. Kafin a rufe iyakoki a 2019, mu huɗu muka haɗa jari muka sayi rabin kwantena a Legas a hannun wani dila da ba zan faɗi sunansa ba. Da kaya suka iso muka jera su muna sa musu wuta ɗaya bayan ɗaya, sai ga kusan kashi ɗaya cikin uku ko motsi ba sa yi. Mu da muke da sana'ar gyara a hannu mun tayar da wasu, mun kwance wasu mun yi safaya da su, da ƙyar muka mayar da uwar kuɗi. Abokin tarayyarmu ɗaya ya kawo shawarar mu zuba sauran a kasuwa “ba gwaji”. Mun yi ka-ce-na-ce da shi a kan haka, kuma tun ranar ban sake haɗa kuɗi da shi ba.

Na san abin da 'yan uwana 'yan kasuwa za su ce, don sun sha faɗa min a gaban idona: wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, an gaya masa ba gwaji, ya yarda, ya sami rangwame. Da gaskiya ne babu wanda ya gwada, da maganar ta ɗan yi sauƙi. Amma mu da muke ciki mun san yadda ake yi. Daren da aka sauke kaya ake tayar da janareta a sito, a tsince masu aiki a goge su a sa musu kuɗi mai tsoka, ragowar da aka tabbatar sun mutu su ne ake fito da su da safe a ce ba a gwada ba. Wannan ba rangwame ba ne, algus ne. Kowa ya san hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikin tarin hatsi ya ji damshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ko a inda ba a gwada ɗin ba da gaske, malamanmu sun karantar da mu cewa cinikin garari, wato cinikin abin da ba a san halinsa ba, haramun ne, kakanninmu kuma suka ce ba a cinikin biri a sama. Ina mamakin yadda mutum zai rufe rumfa ya tafi sahun gaba, ya dawo ya ci gaba da wannan.

Abin ya ƙara muni tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kuɗin fito ya bi ta. Mai shigo da kaya ya je kasuwar 'yan canji ta Wapa ya ga canji, sai ya koma sayen mafi arha a can don kwantenarsa ta fitar da shi. A rumfata na ga bambancin, kayan da ke zuwa yanzu sun fi na da tsufa da gajiya.

Akwai kuma abin da ko mai aiki ne sai an yi wa mai saye bayani, amma ba a yi. Kayan Amurka wutar 110 zuwa 120 suke sha, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Ka sa irin wannan a bango babu na'urar rage ƙarfin wuta, ƙauri kawai za ka ji. Tsofaffin firji masu gas ɗin R12, wanda duniya ta daina yi saboda illarsa ga sararin samaniya, idan gas ɗinsu ya zube sai dai a yi musu kwaskwarima. Na baya-bayan nan masu R600a kuwa gas ɗinsu na kamawa da wuta, yaron da bai sani ba ya kai masa wutar walda yana iya jawo gobara, mu kuwa da muka ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba ma buƙatar a ba mu labari. Ga shan wuta: tsohon firji yana iya cinye wa mai mita a shekara abin da ya rage a wajen saye.

To matattun, ina suke ƙarewa? A hannun 'yan gwangwan da 'yan jari-bola. Ban raina sana'arsu ba, halal suke nema, kuma ba don su ba da bola ta binne mu. Sai dai ka bi ta bayan gari ko gefen kududdufi da yamma ka ga baƙin hayaƙi, yara ƙanana suna ƙona wayoyi don su ciri jan ƙarfe, suna fasa gilashin tsohon talabijin da guduma, suna tuntsurar da ruwan batir a ƙasa inda awaki ke kiwo. A gilashin nan da batir ɗin nan akwai dalma. Wanda ya manta abin da dalma ke yi wa yaro ya tuna Zamfara a 2010, inda gubarta, daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400. Allunan cikin kwamfuta da waya kuma ana saye da kilo, a tara, a sake fitar da su waje a tace zinare da azurfar da ke jiki. Mai daraja ya koma inda ya fito, hayaƙi da toka su zauna a ƙirjin 'ya'yanmu. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Doka kuwa akwai ta. Tun abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a wani fili a jihar Bendel ta wancan zamani, ƙasar nan ta yi dokar hana shigo da shara mai cutarwa. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan wuta a 2011. Daga ranar 1 ga Janairun 2025 kuma, a ƙarƙashin Yarjejeniyar Basel, ba a tura wa ƙasa sharar kayan lantarki sai an sanar da ita ta amince. Firji da na'urar sanyaya ɗaki da kwamfiresa na hannu ma suna cikin jerin abin da kwastan ta hana shigowa da su, amma ga su nan jere a bakin titi. A ganina haramcin da bai hana kaya shigowa ba, tsada kawai yake ƙara musu, ya kuma sa a yi cinikin a ɓoye inda babu mai tambayar lafiyarsu. Gara a buɗe ƙofa a gindaya sharaɗi: kowane abu ya zo da takardar shaidar an gwada shi a can yana aiki, wanda aka kama da matattu a mayar masa da kwantenarsa da kuɗinsa. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki da aka buɗe a 2023, me zai hana a riƙa buɗe kwantenar Kano a Kano, a gaban jami'ai da wakilan 'yan kasuwa?

Amma ba sai mun jira Abuja ba. Shugabannin kasuwanninmu suna iya yanke wannan a zama ɗaya. Kowane layi ya sami teburin gwaji da janareta ko sola, a sa wa abu wuta a gaban mai saye. Firji da firiza a bar su su yi sanyi, domin kukan kwamfiresa kaɗai ba shaida ba ne, a kuma ba mutum ko kwana uku ne ya dawo da shi idan ya ƙi. Matacce a kira shi da sunansa, a sayar mana da shi mu masu gyara a kuɗin safaya, muna so, kullum nemansa muke. Abin da ya wuce gyara kuma hukumar kwashe shara ta jiha ta ware masa wuri, a haɗa 'yan gwangwan da injin feɗe waya maimakon ashana.

Malam Edita, ina roƙonka ka turo wakilinka ranar da ake sauke tirela. Kada ya zo da safe lokacin da an gama jera kaya, ya zo da daddare ya tsaya a bakin sito ya saurari ƙarar janareta. Zan raka shi, zan kuma nuna masa firizar baiwar Allahn nan, tana nan a rumfata ina nema mata kwamfiresa ta hannu mai lafiya kafin zafi ya kankama.

Naka,
Mai gyaran kayan wuta,
Fagge, Kano.