Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya: a saka unguwanninmu cikin lissafin yanayi

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ni mazaunin Kurna ne a Kano, ina bibiyar hasashen damina da kuke fitarwa farkon kowace shekara, manoma suna amfana, Allah ya saka da alheri. Roƙona akan mu 'yan birni ne.

A watan Afrilu ƙarfe ɗayan dare in ka dafa bangon ɗakinmu sai ka rantse tanderun gurasa ne, yara a tsakar gida kan tabarma uwarsu na jiƙa zani tana lulluɓa musu. Cikin satin nan na kwana gidan yayana a Nassarawa GRA inda darbejiya ta rufe ko'ina, wallahi kafin asuba sai da na ja mayafi. Gari ɗaya fa.

To ita kwamfutar da ke lissafin yanayi bata san wannan ba. Tana yanka duniya ne gida-gida kamar gurbin dara, ko manhajar cibiyar Turai ta ECMWF da ake ji da ita gurbi ɗaya ya kai wajen kilomita 9, kaga kenan zai iya haɗiye cikin gari da Fagge da Sabon Gari ya basu lamba ɗaya, su kuwa masu hango shekaru hamsin gaba nasu yakan kai kilomita 100. Awon Kano da aka fi dogara da shi kuma a filin jirgin Malam Aminu Kano ake yi, fili fetal iska na kaɗawa. Ina kwanon rufi da siminti da kwalta da ke shan rana wuni guda su amayar da ita da dare? Ina janareto da lungun da iska bata shiga? Haka ruwan sama, an cike kududdufai an yi gini, ƙasa ta daina sha, ruwan da a ƙauye zai nutse shine ke malala cikin shagunan Kantin Kwari.

Kuma abin ba wasa bane yallaɓai, a Afrilun 2024 ana cikin azumi Kayes ta Mali ta kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré a Bamako ya ƙirga mutuwa 102 cikin kwana huɗu. Zafin da bai sauka da dare shi ke kayar da tsofaffi da jarirai.

Hanya akwai. Tun 2012 masana suka kasa ƙasa rukuni 17 bisa tsayin gini da cunkoso da bishiya, kuma manhajar hasashen yanayi ta WRF tana karɓar irin wannan taswira. Dan Allah ku haɗa kai da malaman jogarafi na BUK a zana ta Kano, a kafa ƙananan na'urorin awo a rufin makarantu da asibitocin unguwa, ko goma ne a fara, daga nan sai Kaduna da Maiduguri da Sakkwato. In zafi ya taso gargaɗin ya fito da Hausa a rediyo yana kiran sunan unguwa, kuma a faɗi na dare.

Na gode,
Wani mazaunin Kurna, Kano