Sanarwa: zaman Asabar kan Gazali da Ibn Rushd

Assalamu alaikum, malamanmu da ƴan uwa.

Tattaunawar ranar Asabar bayan sallar Isha'i za ta tsaya kan tambaya ɗaya: in auduga ta taɓa wuta ta ƙone, wa ya ƙona ta? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce ido bai ga komai ba sai haɗuwar biyun, Allah ne ke halittar ƙonewar a kowane karo. Ibn Rushd na birnin Kurɗuba a Andalus, da ya rasu a 1198, ya mayar da martani cewa duk wanda ya musanta sababi, wato cewa wani abu na jawo wani, ya rushe ilimi, don hikimar Mahalicci tana cikin tsarin da Ya ɗora halitta a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne me ya ja kowannensu ga matsayarsa. Gazali mutum ne mai ƙishin yaƙini, har a 1095 ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza bayan harshensa ya ɗaure a gaban ɗalibai. Ibn Rushd kuwa alƙali ne kuma likita, kullum yana bin sawun dalilin cuta. Mu ma da yawanmu ra'ayin malamin zauren da ya rene mu muka gada, ko na wani lakcara da ya burge mu. Kowa ya zo da labarin nasa.

Don Allah ban da kafirta juna. Saƙon murya kada ya wuce minti uku, saboda masu ƙarancin data.