Mai neman karatun likita ya shirya wa ranar jarrabawa kanta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da iyaye da malamai da yaranmu da suka sa karatun likita a gaba. Ni malamin Kemistiri ne a makarantar sakandare, kuma na daɗe ina shirya ɗalibai domin jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaro zai shafe wata shida yana fama da littattafai, iyayensa su biya kuɗin darasin yamma, amma ba wanda zai zaunar da shi ya gaya masa yadda ranar jarrabawar take, alhali a ranar ce ake zubar da makin da aka sha wahalar tarawa.

Wannan sakaci ya fi cutar da mai neman likitanci fiye da kowa, saboda gurabensa ƙididdigaggu ne. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ita ce take ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, don haka ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Maiduguri, masu nema sun ninka guraben sau da yawa. A sakamakon farko da aka fitar na jarrabawar 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 cikin 400 ba, amma mai son likitanci yana takara ne da 'yan tsirarun da suke can sama, inda maki biyar ko goma kan raba wanda ya samu da wanda zai jira baɗi.

Lissafin lokaci shi ne abin da nake fara nuna wa ɗalibaina a allo. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu: Turanci yana da 60, sai Bayoloji da Kemistiri da Fizis kowanne 40. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ce kacal ta faɗa wa kowace tambaya. Na sha ganin ɗalibi mai ƙwazo ya maƙale a kan lissafin Fizis guda ɗaya har minti biyar saboda zuciyarsa ta ƙi yarda a ce ya gagare shi, daga ƙarshe kwamfuta ta rufe masa yana da tambayoyin Bayoloji goma sha biyar da ya san amsarsu sarai. A ganina, gara ya fara da darasin da ya fi sauri a kansa, ya tsallake duk abin da ya tsaya masa, ya dawo daga baya, kuma kada ya bar tambaya ko ɗaya ba amsa tunda ba a rage maki don an yi kuskure. Wannan dabara ba ta zama a jiki sai an yi ta gwaji da tsofaffin tambayoyi, agogo yana gefe, a zama ɗaya ba tashi.

Tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta wannan jarrabawa, amma har gobe akwai yaranmu na karkara da ranar jarrabawa ce ranar farko da suke dafa linzamin kwamfuta. Da yawansu ba su san cewa haruffan A, B, C da D sun isa a zaɓi amsa ba, N ta kai mutum gaba, P ta mayar da shi baya, S kuwa ta miƙa aiki ce, wadda bai kamata yatsa ya kusance ta ba sai an gama. Jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin babbar tana maganin wannan fargaba, kuma kuɗinta bai kai asarar shekara guda ba.

Sai maganar cibiyar jarrabawa. Takardar da ɗalibi zai fitar 'yan kwanaki kafin jarrabawa ita ce take nuna wuri da rana da lokaci, kuma ya wajaba a je a ga wurin ido da ido tun kafin ranar, domin masu zaman farko da sassafe ake tantance su. Wanda aka tura wani gari ya kwana can wurin 'yan uwa, kada ya dogara da motar asuba. A bakin ƙofa za a duba zanen yatsa, kuma a nan ne nake jan kunnen iyaye mata musamman: wata ɗalibata da nake sa ran za ta yi zarra ta je da lallen bikin yayarta a yatsunta, na'ura ta yi ta ƙin karɓarta, sai da aka daɗe ana gogewa ana sake gwadawa kafin ta shiga, ta zauna tana hawaye lokacin da ya kamata hankalinta ya kasance a kwance. A haƙura da lalle har a gama. Waya da agogon hannu da kalkuleta duk a bar su a gida, tunda akwai kalkuleta a fuskar kwamfutar.

Daren jarrabawa na barci ne. Shan shayi mai kauri don a kwana karatu yana sa yaro ya shiga ɗaki kansa yana sarawa, ga zafin bazara da jarrabawar takan faɗo a cikinsa. Ya ci abincin da cikinsa ya saba da shi, ya sha ruwa daidai, ya yi addu'a. Mu iyaye kuma mu rage kiran yaro "Dokta" muna tuna masa kuɗin da aka kashe, don nauyin da yake ɗauke da shi ya ishe shi. Masu tallar amsa ta waya kuwa 'yan damfara ne, kuma wanda aka kama da maguɗi sakamakonsa ake sokewa.

Na'ura takan yi gardama. A 2025 shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa a kan matsalar da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Saboda haka idan kwamfuta ta tsaya, ɗalibi ya ɗaga hannu nan take, ya tabbata mai kula da ɗaki ya rubuta abin da ya faru kafin ya bar kujerarsa.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne su ware Asabar ɗaya kafin jarrabawa, su ari ɗakin kwamfuta, su sa 'yan ajin ƙarshe su yi zaman awa biyu cikakke tun daga layin tantancewa har zuwa miƙa aiki, sannan a maimaita hakan kafin tantancewar Post-UTME da jami'o'i suke yi bayan jarrabawar JAMB.

Wassalam,
Wani malamin Kemistiri, daga Zariya