Ki fara sayen safar hannu

Fadaman Mada,
Bauchi.

Ƙawata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya Oga, ya ruwan Fatakwal da ba ya gajiya? Mu nan lafiya lau, sai ƙura da sanyin asuba. An ce zumunta a ƙafa take, taki kuwa ko a waya ba ta. Tun sunan gidan Yaya rabona da jin muryarki, sai ga saƙo kwatsam, ko gaisuwar kirki babu, wai wane irin abin yankan dankali nake aiki da shi. Wato ba don dankali ba da an manta da ni. Na yi niyyar share ki, amma da na ga hoton wanda kike shirin saya sai gabana ya faɗi. Shi ya sa na zauna rubutu, don na san in murya na aiko ba za ki saurara har ƙarshe ba.

Kar ki sayi wannan, don Allah. Irinsa ne masu talla ke wasa da shi a bakin Kasuwar Wunti, su goga kabeji da sauri mata su taru suna salati. Robarsa ba ƙwari, wuƙarsa gwangwani ce, kuma ban ga madanni, abin da ake soka dankalin a danna da shi don kare yatsu, a hoton ba. Araha ba ta ado. Mutane suna tsoron mai kaifi, alhali dakusasshen ya fi cin yatsa: sai kin sa ƙarfi kin danna, dankalin ya turje, ya turje, sannan ya wuce farat ɗaya, hannunki ya bi shi.

Kin dai ji abin da ya sami autar Goggo da azumin bara? Ina jin ba wanda ya gaya miki, don Goggo ta hana a yi zancen. Albasa take yankawa da na maƙociyarsu, ya rage ɗan guntu, ta ce ba za a yi asararsa ba. Kan babban yatsanta ya tafi har da gefen farce. Wai da farko ko zafi ba ta ji ba, jini kawai ta gani a cikin kwano. Maimakon a danne wurin, wannan ta kawo gishiri, waccan ta ce toka, har da mai cewa a zuba kananzir. Da aka kai ta asibiti ma'aikaciyar jinyar ta wanke su tas kafin ta wanke ciwon, ta ce duk wannan tarkacen ƙara mata aiki suka yi. Abin da ake yi shi ne a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a danne da tsumma mai tsabta minti 10 cur ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba, hannun yana sama da ƙirji. In bai tsaya ba, ko yankan ya yi zurfi, sai asibiti, kuma a yi maganar allurar tetanus. Yarinyar ta warke, amma har yau in ta taɓa ruwan sanyi sai ta ce wurin na tsira mata. Saurayin nata dai bai fasa ba, an sa rana bayan Babbar Sallah, kuma in ba ki zo ba Goggo ta ce ta cire ki daga 'ya'yanta.

To, ga abin da za ki duba. Shi abin yankan, mandolin ake ce masa, na kirki iri uku na sani. Akwai na Faransa, irin su de Buyer da Bron, ƙarfe zalla, da ƙafafun da yake tsayawa a kai. Na masu otal ne, ga nauyi ga tsada, ke da za ki yi cincin ɗin dankali na 'yan makaranta ba ki buƙatarsa. Akwai Börner na Jamus mai wuƙa biyu da suka haɗu suka yi V. Yana da kyau ga abu mai laushi irin tumatir, don ta gefe biyu yake kama shi, kuma madanninsa babba ne, yana rufe hannu sosai. Sai Benriner na Japan, shi ne nawa. Ɗan siriri ne, wuƙarsa a karkace, kaifi kamar askar wanzami, da abin murɗawa a ƙasa da ake saita kauri. Ana iya kwance wuƙar a wasa ta ko a canza. Aibinsa madannin ƙarami ne, ba na yarda da shi shi kaɗai. Don ke, da garajen nan naki, na Jamus ɗin nake ba ki shawara. In ba ki samu ko ɗaya ba, ki riƙe wanda kika gani da hannu biyu ki gwada lanƙwasa shi. In ya motsa, ki ajiye musu kayansu. Ki duba ƙasansa akwai roba mai hana zamewa, ki duba faɗinsa zai ɗauki rabin kabeji ko babbar albasa. Kar yawan wuƙaƙen da ke cikin kwali ya ruɗe ki, biyu za ki riƙa amfani da su, sauran sai dai su yanki mai lalube a durowa.

Amma kafin duk wannan ki sayi safar hannu mai hana yanka. Ba ta roba ta wanke-wanke ba, Hajiya, na san ki. Wata saƙa ce ta zare mai tauri, galibi ruwan toka, za ki ga an rubuta EN 388, lambar gwajin ƙwarinta, a jikinta ko a ledarta. Masu sayar da kayan aikin ma'aikata sun fi samunta, kuma garinku na kamfanonin mai ai ba za a rasa ba. Ki ɗauki daidai hannunki, in ta yi yawa bakin yatsun ne zai riƙa shiga wuƙa. Ba ta mayar da hannu ƙarfe, tana dai sa abin da zai zama ɗinki ya tsaya a ƙarzuwa. Ni da ita da madannin nake haɗawa.

Af, kin san kishiyar Anti ta buɗe shagon masa a hanyar Yelwa? Wai har layi ake yi. Anti ta ce yis ta cika, ni dai na ci, kuma tsakanina da ke ba laifi. Kar ki maimaita.

Ina muke? Yadda ake yankan. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin katako don kar ya yi yawo. Ki fara sare gefe ɗaya na dankalin da wuƙa ya kwanta daram, abu mai gangarawa shi ke kuɓucewa. Karas da agada masu tsawo ki raba su biyu. Ki soke a madanni, tafin hannu a buɗe, yatsu a sama, ki tura daga jikinki zuwa gaba a hankali. In ya maƙale kar ki yi kokawa da shi, ki ja baya. Guntun ƙarshe kuwa ki jefa a miya. Kuma ba a yi ana kallon fim, ba a yi da yaro riƙe da zani, ba a yi in an ɗauke wuta. Wajen wanki ma ana yankewa: kar ki taɓa tsoma shi cikin ruwan kumfa inda ba a ganinsa, ki wanke nan take da buroshi, ki mayar da wuƙar ta shafe daidai da jikinsa, ki rataye inda sarkin ɓarnarki ba zai kai ba ko ya taka kujera.

Na cincin ina saita shi tsakanin milimita 1 da 2. Ki zuba yankakken a ruwa sitacin ya fita, ki tsane shi sarai a kan tawul kafin ya shiga mai, in ba haka ba mai zai yi ta tsalle, kuma ba zai yi ƙaras-ƙaras ba. Daɗin abin shi ne duk kaurinsu ɗaya, tare suke soyuwa, babu wani ya ƙone wani ɗanye. Dankalin Jos nake ɗaukowa a Muda Lawal, in ya yi tsada in koma na Hausa. Yanzu har masu kanti na unguwa na karɓa, kuma haɗin kabejin bikin da a da sai mun kwana muna yanka, ke kina gyangyaɗi da wuƙa a hannu, ni kaɗai nake gamawa kafin la'asar. Ogana da ya ce ɓarnar kuɗi na yi, shi ne yanzu mai kai kaya a mashin.

Direban nan na Jahun zai taso daga wajenku ƙarshen wata. Ki ba shi manja da busasshen kifi irin na wancan karon, ni kuma in ya juyo zan haɗo miki kuka da daddawa da yajin Inna. Ankon bikin shuɗi ne, ki turo awonki da wuri, telan nan kin san shi. Ki gaida Oga, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Bauchi.